Daga Jamus: labarin 'yar kwalbar da ke cikin firizarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa na Katsina ta Dikko ɗakin kara, da mutanen Daura. Ina fata kowa lafiya, ya zafi? Mu nan sanyi ke gasa mana aya a hannu.

Kullum in na kira gida sai Inna ta ce wai me kake yi ne a lab ɗin nan, to ga amsa. Akwai wata 'yar kwalba a firizarmu da ba ta kai ɗan yatsa ba, abin da ke ciki ko ɗigon hawaye bai kai ba, sunansa G6PD, enzayim ne (wato sinadarin da ke hanzarta wani aiki a cikin jiki) na jikin ɗan Adam amma fa ba daga jikin kowa aka ɗebo shi ba. Ana ɗaukar umarnin DNA ɗin da ke haɗa shi a cusa wa baktiriya E. coli, ita kuma ta yi ta hayayyafa tana ƙera shi, sai a fasa ta a tace. Dabarar tun 1973 take, Cohen da Boyer suka fara a Amurka. Kafin nan sai an bi gaɓoɓin mutum ko na dabba ana tatsowa, har maganin cutar Gaucher (wata cutar gado ta ƙarancin wani enzayim) na farko daga mabiyiya ake haɗa shi, sai 1994 aka samu na ƙira.

Me ya shafe mu? G6PD shi ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma ƙarancinsa gado ne da ya yi yawa a wajenmu, maza ya fi kamawa. Jariri mai ƙarancin ya yi shawara idonsa ya yi rawaya a ce sammu ko iska, alhali wani lokaci kafur ɗin nan da ake zubawa cikin akwatin kayan jarirai ne ya fasa masa jini. Don Allah mata a cire kafur ɗin, in ido ya canza kuma a tafi asibiti ranar. Primaquine na zazzaɓin cizon sauro ma yana yin haka ga mai ƙarancin.

Namu na kwalba na bincike ne kawai, ba a yi wa mutum allura da shi, kar wani ya ce in aiko. Ko na so ma, a sanyin 80 ƙasa da sifili yake zaune, cikin busasshiyar ƙanƙara ake kawo shi, in aka ɗauke wuta kwana ɗaya a Ƙofar Ƙaura ai an yi asarar kuɗin.

A gaida su Baba da yara. Sai na zo hutu in Allah ya yarda.

Naku,
ɗan Katsina a Jamus