Abin da Masu Tonon Kufai Za Su Tarar a Ƙasarmu

Duk lokacin da na shiga Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, na tsaya gaban masu da takubba da tambura na kakanninmu, sai in tambayi kaina abin da masana za su tarar idan suka tona ƙasarmu bayan shekara dubu. Ganuwar dutse ta Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, har yau tana shaida cewa mutanensa sun san gini kuma sun san yaƙi. Mu kuwa, abin da ya cika jujinmu shi ne leda, wadda ba ta ruɓewa kamar ƙwarya ko tabarmar kaba, kuma mai tono zai iya zaton abu ce mai daraja a wurinmu, tunda babu gidan da ya rasa ta.

Wayoyinmu sun fi damuna. Za a sami baƙaƙen gilasai masu tarin yawa, amma hotunan biki da karatun malamai da ke cikinsu sun daɗe da shafewa, alhali takardar ajami da aka adana a gafaka ana karanta ta bayan shekara ɗari biyu.

A ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, dalmar tana nan cikin ramukan da aka binne gurɓatacciyar ƙasa, kuma za ta nuna musu yadda aka riƙa niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, kusa da inda yara suke wasa.