Kafin Ka Ce Fim Bai Yi Ba

Yanzu duk mai waya da data ya zama mai sharhi. Fim ya fito a YouTube da daddare, kafin asuba an yanke masa hukunci a Facebook: wannan ya ce ya ƙayatar, wancan ya ce ɓata tarbiyya ne, na uku ya ce ai wankiya ce, wato daga wani fim aka kwafo labarin. Ban ga laifinku ba, ƙannena, ni ma da irin wannan zafin kai na fara, sai dai a lokacinmu biro ne da takarda, kuma sai edita ya ga dama rubutunka ya fito. Na daɗe ina yanke wa ayyukan mutane hukunci kafin in iya kallonsu, shi ya sa nake so ku san inda na yi tuntuɓe.

Da na fara, sharhina kala ɗaya ne. In ba da labarin fim tun daga farko har ƙarshe, in tona wa mai karatu yadda aka ƙare, sannan in jero darussa: haƙuri, biyayya ga iyaye, illar kishi. In darussan sun yi yawa in ce fim ya yi ma'ana, in sun yi kaɗan in ce ba faɗakarwa. Wata rana wani dattijo da ya daɗe yana aikin yanka da haɗa hotunan finafinai ya karanta abin da na rubuta a kan wani fim da ya yi wa aiki. Bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Malam, lokacin da aka miƙa wa matar nan takardar saki, wa kyamara take kallo?" Na ce matar mana. Ya ce in je in sake dubawa.

Da na koma, sai na ga ashe ba a nuna fuskar matar ba sam. Kukanta kawai ake ji daga ɗaki. Kyamara na tsakar gida a kan kishiyar, tana tankaɗen gari. Da kukan ya tashi sai hannunta ya tsaya cak a kan rariya, ta ɗan saurara, sannan ta ci gaba da tankaɗe a hankali, ba murna a fuskarta. Ba wanda ya furta kalma, amma ka gane cewa ta san gobe ita ce. Duk fim ɗin ba inda ya kai nan kyau, ni kuwa ban ma ambace shi ba, ina can ina farautar darasi. Saƙo yana da muhimmanci, ban musa ba. Amma mai wa'azi ma yana da saƙo, kuma ya fi ɗan fim iya isar da shi kai tsaye. Abin da ya kai ka gaban fim shi ne ka ga yadda aka faɗi maganar da hoto da sauti: ina aka ajiye kyamara, ina aka yanke, yaushe aka sa kiɗa, yaushe aka bar shiru ya yi aiki. Ka kalla sau biyu kafin ka rubuta. A karo na biyu ka kashe sautin wani wurin, ka ga ko hoton kaɗai zai iya gaya maka abin da ke faruwa. Da yawa daga finafinanmu a nan suke faɗuwa, don komai da baki ake faɗinsa, mutum biyu a kan kujera a falo suna bayani.

Sai maganar wankiya. Na daɗe ina ganin da zarar na gano fim ɗin Indiya da aka ɗauko labari daga ciki, aikina ya ƙare. Wannan lalaci ne. Magana Jari Ce da muke alfahari da shi, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, cike yake da labaran da ya samo daga Alfu Laila wa Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turawa. Ba wanda ya taɓa jin baƙunta a cikinsu, don ya sa musu sunayenmu da fadarmu da barkwancinmu har suka zama 'yan gida. Masu shirya finafinan Hausa kuwa, tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau, yawancinsu sun tashi ne suna kallon finafinan Indiya a sinimomi irin su Plaza da Marhaba a Kano, da kuma talabijin, inda suka ga auren dole da iyaye masu raba masoya, abubuwan da suka sani a gidajensu. Aro ba abin mamaki ba ne. Tambayar da ta dace ita ce me aka yi da abin da aka aro. Akwai fim ɗin da za ka ga budurwa tana yi wa mahaifinta magana yadda ba 'yar Hausawa da za ta yi, don haka aka gani a na asalin aka kwafo. Wannan ka soke shi, amma ka nuna wurin, ka faɗi abin da bai zauna ba. Kalmar "wankiya" kaɗai ba ta sanar da mai karatu komai.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne littattafan soyayya. A shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridu a kansu, aka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, ni ma na shiga sahun masu kushe ba tare da na karanta ko kaɗan daga cikinsu har ƙarshe ba. Bangon littafi da shafin farko sun ishe ni. Aibinsu na nan, ba ƙarya aka yi musu ba: ƙa'idojin rubutu a wargaje, a haɗe inda ya kamata a raba, shafi guda ana zayyana lefe da motoci. Amma da na zauna na karanta, sai na tarar marubuta mata suna faɗin abin da ke faruwa a bayan zaure, saki ba dalili, korar mace da 'ya'yanta, cire yarinya daga makaranta, abin da littattafan da muke yabo ba su cika leƙawa ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi. Wasu can nesa sun ga abin da mu na kusa muka kau da kai a kansa. Yau irin wannan rubutun ya koma waya, a WhatsApp da Wattpad, ana kuma karanta shi da murya a YouTube, ina jin samari masu digiri suna yi masa irin rainin da na yi. In ba ka karanta ba, ka yi shiru har ka karanta.

A waƙa kuwa, kuskurena shi ne takarda. A makaranta aka ba mu waƙoƙin baka a rubuce, na saba auna su da ma'aunin rubutacciyar waƙa, ina neman amsa-amo da daidaiton baitoci, in ban samu ba in ce maimaici ya yi yawa. Alhali waƙar baka da kiɗanta aka haife ta. Gindin waƙa da 'yan amshi ke dawowa da shi, shi ke ba jagora numfashi ya ƙulla ɗa na gaba, wato baiti na gaba, shi ke ba jama'a wurin shiga. Kalangun Shata magana suke yi, kotson Ɗanƙwairo ma haka, wani lokaci habaicin yana bakin ganga kafin ya iso bakin mawaƙi. Ka dubi kuntigin Ɗan Maraya Jos, ɗan gwangwani da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal, ba 'yan amshi ba makaɗa, amma kuntigin ke amsa masa, yana cike gurbin da murya ta bari. Ka rubuta kalmomin a takarda ka cire wannan, rabin waƙar ka zubar. Haka ƙwaryar Barmani Choge: sai ka ji ta cikin shewar mata a gidan biki za ka gane abin da ya sa baitin da ka raina yake tada mutane tsaye.

Mawaƙan situdiyo na yanzu ma kada ka kore su da cewa fiyano ce da na'urar gyaran murya. Ka saurara ka ji ko kalmomin sun hau kan kiɗan. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana da hawa da saukar murya. Gwani yana bin su, wanda bai iya ba yana ja wa gajeren wasali tsawo don ya cike kiɗa, har kalma ta fita daga kamanninta. Wannan abu ne da za ka iya nuna wa mai karatu, ya je ya saurara ya gaskata ka ko ya ƙaryata ka.

Wasan kwaikwayo na dandamali ba zan daɗe a kai ba, don yanzu ba kasafai ake samunsa ba sai a jami'o'i da makarantu. In ka ji za a yi, ka je, ka zauna cikin 'yan kallo, ka lura da inda suka yi dariya da inda suka fara duba waya. Na kuma daɗe ina ganin barkwanci bai kai a yi masa sharhi ba, sai da Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014 na lura cewa ban taɓa rubuta layi ɗaya a kan yadda yake sarrafa jiki da murya da lokacin sakin magana ba, ga shi aiki ne da 'yan kaɗan suka iya.

Saura abin da ba a son faɗa. Harkar nan ƙarama ce, kowa ya san kowa. Da sunanka ya fara fita za a kira ka kallon fim kafin a sake shi, a ba ka abinci, a sa maka ɗan na mota a aljihu. Na taɓa karɓa, da na zo rubutu sai biro ya yi nauyi, na yabi abin da na san bai yi ba, masu karatu kuma suka gane. Na kuma taɓa yin akasin haka, na bar fim na koma kan jarumar, shigarta da aurenta da ya mutu, abin da bai shafi aikin ba ko kusa. Wannan rubutun ya fi duk sauran yawo, kuma shi ne wanda da ana iya janyewa da na janye. In an gayyace ka, ka je da kuɗin motarka, ka ɗauki ɗan littafi kana rubuta minti nawa abu kaza ya faru. Ranar da darakta ya kira ka cikin fushi, sai ka ce masa ya buɗe fim ɗin a daidai wurin, ku kalla tare.