Siririyar Hanya da Kufan Boreraig a Tsibirin Skye

Na bar Sakkwato a watan Yuni, damina na kankama, domin halartar bikin kammala karatun ƙanena a birnin Glasgow da ke Sikotilan. Bayan an gama hidimar biki ne ya kawo shawarar mu ɗauki hayar mota mu nufi arewa maso yamma zuwa tsibirin Skye. Mutumin da babban ruwan da ya saba gani shi ne Gulbin Rima idan ya cika ya batse, ko madatsar Goronyo, ba ya buƙatar lallashi kafin ya amince ya je ganin teku.

Mun shiga tsibirin ta gadar da ke Kyle of Lochalsh, wadda aka buɗe a 1995. Da farko ana karɓar kuɗin ƙetarewa, amma mazauna tsibirin suka yi ta adawa har aka soke shi a 2004. Daga gadar zuwa Portree, babban garin tsibirin, titin na da hannu biyu kuma ba shi da wata wahala, in ban da tuƙi a ɓangaren hagu, wanda Najeriya ta bari tun 1972. Da zarar an kauce daga babban titi kuwa, sai kwalta ta tsuke, faɗinta bai wuce hanyar amalanken shanu mai shiga fadama ba, alhali motoci na bin ta daga kowane ɓangare.

Dabarar da suka yi ita ce, a ɗan kowane taƙi an faɗaɗa gefen hanya daidai tsayawar mota ɗaya, an kafa farin allo a kan sanda don a hango wurin daga nesa. Idan motoci biyu suka tunkari juna, wanda ya fi kusa da wurin ratsewa shi ke tsayawa, kuma idan wurin yana hannun damansa ba ya tsallakawa ya shiga, sai ya tsaya daura da shi ya bar mai zuwa ya zagaye. Wanda aka ba hanya yakan ɗaga hannu daga kan sitiyari a matsayin godiya. Na ga wata dattijuwa ta yi baya da motarta a kan gangare domin ta ba mu wuri, fuskarta a sake. "Yaya, a nan ba a matsa hon," in ji ƙanena, "wanda ya fi kusa da wurin ratsewa ne ke haƙuri, ko da shi ne babba." Tumaki ma suna da nasu rabon a hanyar, sukan kwanta a kan kwalta da shaidar fenti a gadon bayansu, kuma a mashigar makiyaya akan shimfiɗa sandunan ƙarfe a kan rami, mota ta wuce amma kofato ba ya iya takawa.

Mun hau zuwa dogon dutsen nan da ake kira Old Man of Storr, kuma lallai yana da kwarjini, sai dai cunkoson masu ɗaukar hoto ya rage mini jin daɗinsa. Neist Point, ƙarshen tsibirin ta yamma, ya fi kwanta mini: an gina hasumiyar fitilar jiragen ruwa a wurin a 1909, ana gangarawa gare ta ta matakala mai tsayi, ga iska mai neman tuɓe wa mutum hula. A can muka yi sallar la'asar ta ƙasaru a kan ciyawa. Rana ba ta faɗuwa a wannan lokaci sai bayan ƙarfe goma na dare, don haka magariba kan same mu ne a gajiye.

Tafiyar ƙafar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Boreraig, a kudancin tsibirin. Ana barin mota kusa da wani tsohon coci da ya rushe a kan hanyar Broadford zuwa Elgol, a bi sawun tsohon layin dogon da ya taɓa ɗauko dutsen marmara, a haura wani tudu mai laka wanda ƙafa ke nutsewa a cikinsa, sannan a gangara zuwa bakin teku. Zagayen gaba ɗaya ya zarce kilomita 16. Da muka gangaro sai muka ga fili kore shar, ƙorama na ratsa shi, ga kuma katangun duwatsu masu kusurwa huɗu warwatse, ba rufi, tsayinsu bai wuce ƙugu ba. Na shiga ɗaya ta inda ƙofa take a da, na tarar da kashin tumaki da ciyawa a tsakar ɗakin.

Kufai ne, kuma ba fari ko annoba ce ta tashe shi ba. A 1853 wakilan mai ƙasar, Lord Macdonald, suka kori mutanen Boreraig da na maƙwabciyarta Suisnish daga gidajensu, domin kiwon tumaki ya fi kawo riba a kan kuɗin hayar da ƙananan manoma ke iya biya. Haka aka yi a wurare da yawa na arewacin Sikotilan, kuma da dama daga waɗanda aka kora sun ƙare a Ostireliya da Kanada. A 1841 mutanen Skye sun haura 23,000, yanzu kuwa ba su wuce wajen 10,000 ba. A nan na fahimci cewa shirun nan da faɗin filin da baƙi ke yabawa, da siririyar hanyar da ta wadatar saboda ƙarancin jama'a, ba haka Allah ya halicci wurin ba, hannun mutum ne ya kwashe mutanensa. Ni da na fito daga inda gonar gado ke riƙe da zuriya guda, kuma rigimar manomi da makiyayi ba baƙon labari ba ce, abin ya taɓa ni ƙwarai.

Manoman ba su ci gaba da sunkuyar da kai ba. A 1882 mutanen Braes, kusa da Portree, suka yi arangama da 'yan sanda a kan haƙƙin kiwo, kuma wannan tirjiya na cikin dalilan da suka sa majalisar Birtaniya ta yi dokar 1886 wadda ta ba ƙananan manoma tabbacin zama a gonakinsu. Dokar ta zo wa Boreraig a makare da shekara 33.

Daga kufan, hanyar ƙafa na bin gaɓa a ƙarƙashin duwatsu masu tsayi, inda ruwa ke zubowa daga sama, ta haura zuwa Suisnish, tsaunukan Cuillin na bayyana a gaba. Da iska ta kwanta sai wasu ƙananan ƙwari masu cizo suka taso mana, dole muka ƙara sauri. Duk Basakkwacen da Allah ya kai shi Skye kuma lokacinsa ya yi kaɗan, shawarata ita ce ya fifita wannan zagaye a kan wuraren da suka yi suna, ya tanadi takalmin da ruwa ba ya shiga da rigar ruwa da guzuri, domin tun daga inda zai bar mota har ya dawo babu shago ko ɗaya.