Totuwar Fatsa Mai Jure Ruwa

Tun muna yara, idan za mu je fatsa bakin kogin Kubanni a Zariya, totuwar kara muke yankowa mu ɗaura a jikin zare domin ta nuna mana lokacin da kifi ya taɓa ƙugiya, amma kafin la'asar ta sha ruwa ta nutse. Wannan takaici ne ya sa na koma sassaƙa tawa da tukurwa, wadda cikinta ba shi da nauyi, kuma tana karɓar reza da samfefa ba tare da ta marmashe ba.

Sassaƙar ba ta da wuya. Nakan fere ɓawon, in siranta bakunan biyu, in soka tsinken gora a tsakiya da ɗan gam, sannan in ɗaure ƙaramin zoben waya da zare daga ƙasa.

Aikin gaske yana wajen shafa banish, irin na mai wanda kafintoci ke saye a Sabon Gari. Ruwa ta bakuna yake shiga, da wurin da tsinke ya haɗu da tukurwa, saboda haka shafin farko nakan sirka shi da tina ya yi ruwa-ruwa, domin ya ratsa ciki ya toshe ƙofofin. Bayan haka nakan ƙara shafi 3 marasa kauri, kowanne ya kwana ya wuni a rataye, in goge shi kaɗan da samfefa mai laushi kafin na gaba. Na taɓa yin gaggawa na lafta shafi ɗaya mai kauri. Sama ya bushe, ciki ya zauna danƙo, kuma ranar da na kai ta kogin Galma ya yamutse ya saɓule kamar fatar rogo. Har yau ina jin zafin asarar nan.

Kan totuwar kuwa, farin fenti nake fara sa masa kafin ja, don jan ya fito sosai daga nesa, kuma ba na ɗora banish sai fentin ya bushe sarai.

Na fi son yin aikin da hunturu, amma a cikin rufaffen kwali, saboda ƙura tana manne wa ɗanyen shafi. A watan Agusta kuwa laima kan hana shi bushewa da wuri.

Ba na auna darmar da ake maƙalawa a zare don nutsar da ƙugiya sai bayan shafin ƙarshe, tunda banish ma yana da nauyinsa. Nakan cika bokiti da ruwa, in riƙa ƙara darmar kaɗan-kaɗan har sai jan kai kawai ya rage a sama, yadda ko karfasa ce ta ɗan lasa tana, zan ga ya motsa.