TARIHIN RAYUWATA, kashi na 9: Gidan Baba mai ritaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya ne a inda sakamakon WAEC ya fito, komai na ci sai lissafi, Inna ta ce ba zan zauna mata a gida ina zaman kashe wando ba har lokacin NECO ta waje ya zo, sai ta haɗa ni da Kawu ƙaninta mai aikin sa tayil a Zariya. Aikina kwaɓa siminti da miƙo tayil da share ƙura, da yamma in tafi lesin.

A lesin ɗin nan abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne kwadiratik ikweshan, wato lissafin nemo x inda akwai x² (x sau x) a ciki. Fomular da ɗalibai ke cewa olmaiti na haddace ta tas kamar karatun allo, amma da takarda ta ce a bi ta hanyar cike sikwaya shikenan an gama da ni, malamin lesin zai ce ku raba lambar tsakiya biyu ku yi sikwaya ɗinta, wato ku ninka ta da kanta, ku ƙara a kowane ɓangaren alamar daidai, in ka ce Malam me ya sa, sai ya ce haka doka take, a ci gaba. Ni kuma kaina ba ya riƙe abin da ban san dalilinsa ba.

Toh ana nan sai Kawu ya samu aiki a gidan wani dattijo, tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, irin tsofaffin nan da ba sa barin ma'aikata su sha iska, kujerarsa na bakin ƙofar falo da rediyonsa. Lokacin cin abinci ya hango ni da littafin tambayoyin baya a kan buhun siminti, ya ce ɗana kawo in gani. Ya duba ya yi dariya, ya ce kai da kake wuni cikin tayil ne wannan ke ba ka wahala? Ɗauko min gutsattsarin da kawunka ya yanke.

Ya rubuta x² + 10x = 39 a ƙasa da gawayi. Ya ajiye tayil guda mai kusurwa huɗu daidai, ya ce wannan tsawonsa x faɗinsa x, ba mu san ko nawa ba ne, shi ne x². Ya kawo wani dogo ya ce wannan tsawonsa x faɗinsa 10, shi ne 10x, duka biyun in ka haɗa sun cinye fili 39. Sai ya sa Kawu ya tsaga dogon nan gida biyu da giranda, Kawu na ta gunaguni wai ana ɓata masa lokaci, kowane rabi ya zama faɗin 5. Ya jera ɗaya a gefen dama na babban, ɗaya a ƙasansa, ya ce to duba me ka gani? Na ce Baba saura ɗan gurbi a lungu. Ya ce nawa ne girmansa? Na tsuguna na duba, gefe 5 gefe 5, na ce 25. Wallahi a nan na ji wani abu ya warware a kaina, ashe rabin lambar da sikwaya ɗinta da ake ta sa mu haddacewa wannan gurbin ne kawai ake toshewa.

Sauran da kaina na ƙarasa. Tunda na ƙara 25 a tayil dole in ƙara a kan 39, ya zama 64, babban fili mai gefe x + 5 kenan, kuma 8 sau 8 ne ke ba da 64, saboda haka x + 5 = 8, x = 3. Na gwada, 9 da 30 sun ba da 39 cif.

Baba ya ce wannan misalin ba nasa ba ne, na Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ne, malamin da ya rayu a Bagadaza zamanin halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820 miladiyya ya rubuta littafinsa na aljabara, ba x ba alamar daidai, da zance zalla ya yi bayanin sannan ya zana hoto, kuma babban kaso na littafin lissafin gado da wasiyya ne. Ni dai mamaki ya kama ni, shekara shida a sakandare ba wanda ya taɓa faɗa mana wannan, kuma har yau ina ganin da za a fara da zanen kafin dokar da yara da yawa ba su tsani darasin ba.

Amma ya ja min kunne, ya ce shi Alkhawarizmi a 3 ya tsaya don ba ya karɓar amsar da ke ƙasa da sifili, kai kuwa mai makin takardarka biyu yake jira, -8 sau -8 ma 64 ne, kenan x na iya zama -13. Sannan in akwai lamba a gaban x² sai ka fara raba komai da ita, ya ba ni 2x² + 8x - 10 = 0, na raba da 2, na tsallakar da 5 ɗin, rabin 4 shi ne 2, sikwaya ɗinsa 4, na ƙara a kan 5 ya zama 9, amsa ta fito 1 ko -5. Ya ce ita ma olmaitin taka daga nan aka haife ta, gobe ka zo da wuri in nuna maka da a da b da c a maimakon lambobi.

Goben ce ba ta yiwu ba, da asuba aka bugo wa Kawu waya daga gida cewa jikin Kaka ya tashi, ko kayan aiki ba mu kwashe ba muka nufi tasha. Abin da muka tarar a can sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.