Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Fursunoni Uku da Kaset ɗin Iya

Makon jiya mun tsaya a inda na tare a ɗakin da na kama haya a gidan wata dattijuwa Ba'amurkiya a jihar Tenesi, ana dab da kai harin 11 ga Satumba, 2001. Duk wanda ya zauna a Amurka a watannin da suka biyo baya yana ɗauke da suna irin nawa, ba sai an ba shi labari ba. Daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai makaranta. Ko kanti zan je, sai na lissafa lokacin da babu cunkoso.

Iya nake ce wa mai gidan, ita kuma ta ce mini ɗana. Ta zuba mini ido na wani lokaci, ran nan dai haƙurinta ya ƙare, ta ƙwanƙwasa ƙofa bayan na idar da sallar isha'i.

"Ɗana, wannan zaman ɗakin ciwo zai sa maka. Fito falo in nuna maka dangina."

Dangin nata ashe wasu gaulaye ne guda uku a cikin kaset ɗin bidiyo. Sunan fim ɗin O Brother, Where Art Thou?, na wasu 'yan'uwa biyu, Joel da Ethan Coen, ya fito a shekarar 2000. Labarin a jihar Misisipi aka kafa shi, a 1937, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. Fursunoni uku ne suka tsere daga wajen aikin fasa dutse, sarƙa ɗaya ta haɗa ƙafafunsu. Jagoransu Everett, wanda George Clooney ya fito a matsayinsa, ya ruɗe sauran biyun da cewa ya binne dukiya a wani kwari, kuma dole su isa kafin gwamnati ta sako ruwan madatsa ya shanye wurin. Babu wata dukiya. Matarsa ce za ta auri wani, shi ya sa ƙafarsa ke ƙaiƙayi.

Everett irin mutumin nan ne mai baki kamar reza, ga iya tsara magana, amma duk dabarar da ya kawo sai ta jefa su rami. 'Yan sanda na binsa da karnuka, shi kuwa babban tashin hankalinsa man gashi. Yana da wani gwangwanin man shafawa da ba ya yarda da kowane iri sai shi, ya kwana da raga a ka don kada sumar ta hargitse, kuma ƙamshin man nan ne karen 'yan sanda yake bi. Sai Delmar, bawan Allah mai farin ciki da ƙaramin tunani. Da suka farka a bakin rafi suka tarar da kayan abokinsu Pete a shimfiɗe babu shi, sai kwaɗo ya fito daga cikin rigar, Delmar ya rantse matan da suka tarar suna wanki ne suka mayar da Pete kwaɗo. Ya sa shi a kwalin takalmi yana lallaɓawa. A nan ne na yi dariyar da na manta rabona da irinta, har Iya ta tsayar da kaset ɗin ta jira na gama tari.

Daga baya wani malaminmu ya ce mini an ɗora labarin ne a kan tsohuwar waƙar Girkawa ta Homer, mai ba da labarin jarumin da ya sha wuya a hanyar komawa gida. Na ji, na gode. Amma Iya ba ta taɓa kawo zancen Girkawa ba, kuma babu abin da ya ragu daga jin daɗinta.

Ita waƙoƙin ne suka dame ta. Da an fara wata sai ta ɗora, ba ta kuskure baiti, domin tun tana yarinya take jin su a coci da bakin mahaifiyarta. Yawancinsu ba don fim ɗin aka tsara su ba, tsofaffin waƙoƙin talakawan kudancin Amurka ne, na manoma da masu haƙar kwal da masu ibada. Wani mai suna T Bone Burnett ya tattaro su, kuma an naɗe su tun kafin a fara ɗaukar fim ɗin. Waƙar da fursunonin suka rera wa makahon mai gidan rediyo don ya biya su dala goma-goma, Man of Constant Sorrow, ta girmi kowa a cikin 'yan wasan, tun wajen 1913 wani makahon mai goge daga Kentaki, Dick Burnett, ya buga ta a ɗan littafinsa. Muryar da ake ji ma ba ta Clooney ba ce, ta Dan Tyminski ce, shi Clooney baki kawai yake motsawa. Iya ta fi kowa jin daɗin faɗin wannan, kamar ita ta kama ɓarawon.

Ni kuwa waƙar farko ce ta tsaya mini a rai, wadda ake ji tun allon bai gama haske ba. Babu molo, babu ganga. Murya ɗaya tana bayarwa, taron maza suna amsawa, sai ƙarar ƙarfe da ke sauka a lokaci guda, tim, a huta, tim. Duk wanda ya tashi a gidan da mata ke lugude ya san wannan lissafin: waƙar ce ke hana taɓarya karo da taɓarya. Na ce wa Iya waɗannan 'yan wasan sun iya kwaikwayo. Ta girgiza kai.

"Ba kwaikwayo ba ne, ɗana. Fursunonin gaske ne."

Haka abin yake. A 1959 wani mai yawon naɗar waƙoƙin gargajiya, Alan Lomax, ya shiga gidan yarin Parchman da ke Misisipi da na'urarsa. Gidan yarin gona ce makekiya, yawancin waɗanda ke cikinta baƙar fata, ana fitar da su aiki tun asuba. Ya naɗi wasu suna saran itace suna rera Po' Lazarus, labarin wani da hukuma ta sa a kamo shi a raye ko a mace. Mai bayar da waƙar sunansa James Carter. Wannan naɗin ne aka ɗauko bayan shekara 41 aka buɗe fim da shi, ƙarar da na ji kuma gatura ne na gaske a hannun mutanen da ba su da ikon ajiye su.

Tun daga nan kallon ya canja mini. Dariyar tana nan, har yau idan na tuna ɗan takarar gwamnan da ke yawon kamfe da tsintsiya yana cewa zai share jihar sai na murmusa, musamman da na dawo gida na tarar tsintsiya ta shiga siyasarmu. Sai dai na lura fim ɗin ya ari wahalar wasu ya yi shimfiɗa da ita, sannan ya ɗora Turawa uku a kai suna barkwanci. Baƙaƙen da ke fasa dutsen ba a ba ko ɗayansu suna ba. A ganina waƙoƙin ne suka rufa wa fim ɗin asiri, domin su ba su yarda su zama abin wasa ba.

Faifan waƙoƙin ya yi abin da ba a zata ba. Manyan gidajen rediyon kiɗan karkara sun yi biris da shi, wai ya tsufa, amma mutane suka yi ta saye har ya haura kwafi miliyan 8 a Amurka. Daren 27 ga Fabrairu, 2002, ni da Iya muna gaban talabijin aka ba shi kyautar Grammy ta faifan shekara, ya kayar da su U2 da Bob Dylan. A daren ne Ralph Stanley, ɗaya daga cikin mawaƙan faifan, tsoho ɗan shekara 75, ya tsaya shi kaɗai babu kiɗa ya rera O Death, waƙar mutumin da ke roƙon mutuwa ta ɗaga masa ƙafa zuwa baɗi. Shi ma ya tafi da tasa kyautar. Iya tana ta share ido da gefen rigar sanyinta tana cewa sa'anta ne.

Ba a jima ba ta yanko mini wani labari daga jarida ta turo ta ƙarƙashin ƙofa. Ashe an yi ta cigiyar James Carter har aka gano shi a Shikago, ya tsufa, yana zaune da iyalinsa. 'Yar Lomax na cikin waɗanda suka je har gida suka miƙa masa cakin dala 20,000, kason farko na haƙƙinsa. Shi bai ma tuna ranar da aka naɗi waƙar ba. Da aka gaya masa faifan ya fi na Michael Jackson kasuwa, sai ya ce a gaya wa Michael zai rage gudu don ya cim masa. An ɗora shi a jirgi zuwa Los Anjeles, yana cikin zauren a daren da muke kallo, mu ba mu sani ba. Ya rasu a 2003. Sauran da suka amsa masa waƙar, a jikin faifan "fursunoni" kawai aka rubuta.

Akwai wuri ɗaya a fim ɗin da Iya ba ta taɓa zama ta kalla ba. Da an zo inda 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, ta Turawa masu ƙin baƙar fata, suka taru da fararen riguna da huluna masu tsini, za su rataye Tommy, makaɗi baƙar fata da ya bi su Everett, sai ta miƙe ta ce za ta ɗora shayi. Ba ta dawowa sai an wuce. Na daɗe ina haɗiye tambayar, ran da muka karanta labarin Carter dai na kasa.

"Iya, me ya sa kullum a nan shayi ke tashi?"

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce in ɗauko mata wani akwatin kwali a saman kabad ɗin ɗakinta. Abin da ke cikin akwatin, da dalilin da ya sa muka kama hanyar Misisipi a tsohuwar motarta lokacin hutun bazara, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.