Fentin plafon ɗinmu da ya dinga zubowa, ashe daga bisa ciwon yake

Ranar da abin ya ishe ni wata safiya ce cikin watan Agustan 2024, muna karin kumallo a salon, wato falo, sai ga ɓawon fenti kamar faɗin tafin hannu ya faɗo cikin kwanon kunun ƙaramar ɗiyata. Na ɗaga kai na dubi plafon, wato silin, kusurwar gabas duk ta kumbura ta yi ƙuraje, wani wurin ya tsage ya nannaɗe kamar busasshen ganye, ga wani zobe mai ruwan ƙasa-ƙasa ya zagaye wurin. Wallahi raina ya ɓaci sosai, don wannan plafon ɗin sau biyu ina biya a shafe shi cikin shekara biyu, na ƙarshen ma ana saura mako biyu babbar salla aka yi shi.

Gidanmu nan Banifandu yake cikin Yamai, rufin dal ne, wato na siminti da ƙarfe. Na tafi kasuwar Katako da niyyar in sayo fenti mafi tsada da za a samu, a wurin ne mai kanti ya haɗa ni da wani dattijo mai aikin fenti. Da muka iso gida na ce masa, Baba, wannan karon abu mai kyau nake so ko nawa ne. Ko bokitin fentin bai kalla ba, ya ce, ɗana ina tsani, bisa za mu fara.

Abin da muka tarar bisa rufin ya ba ni mamaki. Indararon da ke wannan kusurwar ya toshe ƙam da leda da ganyen dogon yaro da rairayin da iskar hunturu ta tara, ruwa ya kwanta har ya bar shaida kamar ƙaramin tabki. Baba ya duƙa ya share wurin da hannu ya nuna mini wata tsaga siririya kamar zare. Ya ce zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 shi ke sa dal ya buɗe da rana ya tsuke da dare har ya tsage, to in damana ta sauka ruwan da bai samu hanyar fita ba sai ya bi tsagar, siminti ya sha ya ƙoshi ya sauko da shi ƙasa, ya tarar da fenti ya tare masa hanya, sai ya tura shi. Wannan farin garin kamar gishiri da ke bayan ɓawon fentin, ruwa ne ya wanko shi daga cikin siminti.

Ni na so a yi aikin cikin satin, ya ƙi. Ya buɗe indararo, ya sa aka kira mason ya faɗaɗa tsagar ya cike ta, ya gyara gangaren yadda ruwa zai bi ya fita, aka shafa maganin hana yoyo a kai. Daga ciki kuma ya kankare duk fentin da ya saki ya bar simintin a fili don ya sha iska. Haka muka zauna da plafon mai dabbare-dabbare har watan Nuwamba, uwargida tana ta magana saboda baƙi, amma na daure.

Kafin ya taɓa fenti sai da ya yi wani gwaji da nake so kowa ya sani. Ya yanko leda fara kamar kamu ɗaya da rabi, ya manna ta a plafon da salatif ya rufe gefunanta duka, ya ce a bar ta kwana ɗaya. In an wayi gari cikinta ya yi gumi ko simintin ya yi duhu, akwai sauran ruwa. Ta farko ta yi gumi. Sai bayan mako biyu ta fito a bushe.

Ɗakin yara kuma ba ruwa ba ne sam. Ya goga tafin hannunsa a wurin da ya ɓare, hannun ya fito fari fat. Ashe masu gidan na farko farar ƙasa suka shafa, daga baya aka zo aka ɗora fom, wato fentin ruwa, a kanta, kuma fenti ba ya kama gari, sai dai ya rataya na ɗan lokaci. Dole aka kankare aka wanke duka. A kizin fentin mai ne a ƙasa mai santsi ga maiƙon girki da hayaƙi, aka ɗora na ruwa a kai ba a goge ba, shi ya sa yake saluɓewa kamar fata. Can sai da aka wanke da ruwan omo, aka goge da takardar yashi har ƙyallin ya mutu. Dush kuma tururi ne da rashin taga, baƙin ɗigo-ɗigon nan ya wanke shi da ruwan jabel, wato bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku, kuma ya ja kunnena kada a haɗa jabel da wani maganin wanki don iskar da ke tashi tana da illa.

Aikin kansa ba wani sirri a ciki sai haƙuri. An kashe kuran, wato wutar lantarki, saboda wayar fanka, an fitar da yara, ya ɗaura ƙyalle a hanci ya ɗan yayyafa ruwa kafin ya kankara don kada ƙura ta tashi, tunda tsofaffin fentin mai wasu akwai dalma a ciki kuma yara ta fi cutarwa. Ya goge bakin tsohon fenti har ya yi daidai da siminti, ya shafa andiwi siriri, wato kwaɓin da ke daidaita fuskar siminti, ya bari ya bushe ya goge, ya share ƙurar da ɗanyen tsumma, ya sa shafin farko mai kama bango, wurin zoben nan kuma ya sa na mai don kada tabon ya sake fitowa. Sannan fenti shafi biyu marasa kauri, na biyun sai washegari. Wurin da mason ya yi sabon siminti daga ciki sai da ya cika kwana 28 kafin a taɓa shi. Na kuma lura ruwan da ya zuba cikin fentin daidai abin da aka rubuta a jikin bokiti ne, alhali wanda ya yi mini a baya na ga da idona yana ta ƙara ruwa don bokiti ɗaya ya ishi gidan duka.

Masu rufin kwano da plafon na kontirplake, wato siririn katako, ku naku yawanci bakin ƙusa ne ke yoyo ko inda kwano biyu suka haɗu, in katakon ya riga ya kumbura ya rabu falle-falle fenti ba zai tashe shi ba, canza shi za a yi, kuma a leƙa ciki a duba gara. Masu dal kuma don Allah in kuka ga ba fenti kaɗai ke faɗowa ba har da ɓarɓashin siminti, ko ƙarfe mai tsatsa ya leƙo, ku ɗauke gado daga wurin ku kira wanda ya san gini a ranar, ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa siminti.

Ƙarshen watan Mayun da ya biyo na hau bisa da tsintsiya da bokiti kafin ruwan farko, na kwashe rairayi bokiti uku da leda daga bakin indararo, na zuba ruwa ina kallo har ya gangara ya fita waje. Damanar ta zo ta wuce, duk daren da aka yi ruwa sai na tashi na haska kusurwar gabas da tocila, ban ga ko ɗigo ba.